Guduma da Jan Maɓalli

'Ya'ya biyu Allah ya bar mini cikin waɗanda na haifa, kuma akwai lokacin da na tabbata ɗaya zai kashe ɗaya, a ɗaure wanda ya rage, ni kuma in zauna ina hira da bango. Labarin babban zan ba ku, wanda kowa ke kira Guduma, amma ba ya bayuwa sai an sa ƙaninsa Auta a ciki.

Tun yana ciki yake naushina. Da ya fito, hannu a dunƙule, fuska a murtuke, matar da ta karɓi haihuwar ta ce, "Wannan da wa ya yi faɗa a can?" Ubansu mai walda ne, mutumin da ba ya maimaita magana. In ya ce miƙo mini abu kaza ka tsaya kallon sama, abin da ke hannunsa shi zai iso kanka, ko filaya, ko sandar walda, ko takalmi. Guduma ya sha wannan tarbiyya har ya ƙoshi. Akwai tabo a bayan kunnensa har gobe, na bakin filaya. Ranar bai yi kuka ba. Fita ya yi, jini na bin wuyansa, ya sami ɗan maƙwabta yana zaman zamansa, ya cire masa haƙori. Haka abin ya riƙa gangarowa, uba ya doki Guduma, Guduma ya doki unguwa. Ni ce mai yawon ba da haƙuri, har ƙafata ta san ƙofar kowa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ɗaga wa hannu ba, Auta. Shi Auta sanyi gare shi kamar ruwan da ya kwana a waje. Ka taka shi, shi zai ce maka sannu. Amma duk wanda ya taɓa shi, to ya fara neman mai ɗori, don yayansa na tafe.

Makaranta kuwa an kore shi a wurare da dama. A wata ya karya wa ɗalibi hanci, a wata ya jefi malami da kujera. Ana cikin haka wani ya kawo tsohuwar kwamfuta shagon ubansa, wai a yi wa teburinta walda, bai sake dawowa ba. Guduma ya kwaso ta ya kai ɗaki. A makon farko ya naushi fuskarta ta tsage, gilashi ya yanke masa 'yan yatsu, ita kuwa ko gezau. Abu na farko ke nan a duniya da ya daka bai ji tsoronsa ba. Sai ya naɗe hannu da tsumma ya zauna ya fara koyon yarenta. Ubansa ya rasu yana cewa yaron nan ya lalace, ni kuwa ina cewa a zuci, bari ya lalace a zaune, ya fi ya gyaru a ofishin 'yan sanda.

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma wanda ya zauna da mai surutu shekara da shekaru, dole wani abu ya maƙale masa a kunne. Ga abin da na tsinta. Su waɗannan abubuwa da ake rubutawa a sa kwamfuta aiki, manhaja suke ce musu. To ashe babu manhajar da ke da ikon taɓa komai da hannunta. Can ƙasa da su duka akwai wata babba mai riƙe da makullai, Guduma yana ce mata cibiya. Manhaja na son ta ajiye rubutu, sai ta kira cibiya. Tana son ta yi wa wani inji magana ta waya, sai ta kira cibiya ta ce buɗe mini ƙofa, rubuta masa kaza, rufe. Yawancin masu wannan sana'a ba sa kiranta kai tsaye, akwai wasu shiryayyun abubuwa da suke bi ta hannunsu. Guduma ya raina su.

"'Yan aike ne, Inna," in ji shi. "Ni ba na bi ta hannun ɗan aike. Da kaina nake buga ƙofar."

"Bugawa kake yi ko ɓallewa?"

"Duk wanda ya zo."

Wata rana muna cin abinci ya ture kwano ya ce bari ya nuna mini abin da ya fi so a duk kiraye-kirayen. Ya ajiye kofi a gabansa ya ce wannan manhaja ce.

"Kashe ta iri biyu ne. Na farko, ka ce wa cibiya ta aika mata saƙo: tattara kayanki ki fita. Sai ta rufe abin da ta buɗe, ta kashe abin da ta kunna, ta tafi da mutuncinta. Amma in 'yar taurin kai ce, tana iya yin kamar ba ta ji ba. Na biyu babu sallama. Cibiya ta fille mata kai a inda take tsaye, ko uffan ba za ta ce ba." Ya kai wa kofin duka ya yi tsalle ya faɗa gindin gado.

Auta ya ce, "Yaya, kofin Inna ne fa."

Na ce, "Ba sai na tambaye ka wanda ka fi so ba, ɗan ubanka. Tashi ka ɗauko mini kofina."

Aikin da ya zauna a ciki a wani kamfanin kwanon rufi ne. Mai kamfanin ya sayo tsohon inji, dogo kamar layin shaguna, mai manyan gangunan ƙarfe da ke juyawa. Ana tura musu shimfiɗaɗɗen kwano ta wannan baki, su haɗiye, su fito da shi ta can da tudu da kwari. Ƙwaƙwalwar injin ta ƙone tun a wurin masu shi na farko, sai aka ɗauki Guduma ya sa masa wata ƙaramar kwamfuta ya rubuta abin da zai tuƙa shi. Aka haɗa shi da wata abokiyar aiki, siririya mai kaifin baki, muna ce mata 'Yar Tabarau. Ni kuma na kafa teburin shayi da burodi a bakin ƙofar kamfanin, don zaman gida ba ya karɓata. Da injin ya tashi, Guduma ya shiga ofis ya ce ƙaninsa ne zai riƙa tura kwano. Auta lokacin ya yi aure, matarsa tela ce, suna da 'yar jaririya. Ranar da ya sa rigar aiki har rawa ya yi mini.

A jikin injin, daidai inda mai tura kwano ke tsayawa, akwai wani jan maɓalli mai faɗin tafin hannu. Na tashin hankali ne. In wani abu ya faru, a doke shi, komai ya tsaya. Da farko in an doke shi saƙon lallami yake aikawa, manhaja ta ce wa moton da ke juya gangunan tsaya, ta kama birki, sannan ta fita. To sai wata rana manhajar ta cije, aka danna ta yi kunnen uwar shegu, kwano ya cukurkuɗe a cikin ganguna kamar tsumma. Mai kamfani ya sauko ya zazzage wa Guduma ruwan zagi a gaban leburori. Guduma ya haɗiye, abin da bai saba ba, ya shiga ofis ya daki bango har filasta ta zubo. Da ya zauna sai ya canza maɓallin, ya mai da shi na fille kai.

A teburina suka yi rigimar shi da 'Yar Tabarau, shi ya sa na ji da kunnena.

Ta ce, "To, ka fille mata kai. Wa zai gaya wa moto ya tsaya?"

Ya ce, "In ta mutu cibiya za ta rufe ƙofar da ta buɗe. Ƙofa ta rufu, akwatin da ke sarrafa moto ya ji shiru, ya tsaya. Sai na zana miki?"

"Wa ya ce in ya ji shiru tsayawa zai yi? Ka gwada a jikin injin?"

"Na gwada a tebur. Ina dannawa take mutuwa, kafin ki ƙifta ido."

"Tebur ba ya cin mutum, Guduma."

Kofin shayin da ke hannunsa ya wuce ta gefen kunnenta ya tarwatse a jikin ƙofar ƙarfe. Ruwan zafi ya fallatsa mata a wuya. Ta cire tabarau ta goge da bakin riga, ta mayar, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Ka iya yi wa cibiya magana, mutane ne ba ka iya ba." Ta ɗauki jakarta, ba ta sake dawowa kamfanin ba. Na zage shi tas a kan kofin da kuma wuyan yarinyar mutane. Maganar moto kuwa na ɗauka irin gardamarsu ce ta kullum.

Aka ci gaba da aiki lafiya, don ba wanda ya sake buƙatar jan maɓallin. In an tashi, ta wata hanya ake kashe injin.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, ina yanka burodi. Na ji ƙara, ba irin ta mutum ba, na ce ko kare ne mota ta taka. Sai na ji ana ihu, "Danna! Danna!" Na yar da wuƙa na shiga, butar shayi a hannuna ban ma san na ɗauko ta ba.

Bakin kwano ne ya kama safar hannun Auta ya ja shi. Shugaban leburori, wani ƙaton mutum da ake kira Ƙato, yana tsaye kan jan maɓallin yana dukansa da hannu biyu. Ya doke shi har ya fashe, jan murfin ya faɗo ƙasa. Fuskar kwamfutar da ke gefe ta share fes, manhaja ta mutu kamar yadda aka yi mata alkawari. Ganguna kuwa suna ta juyawa abinsu, ba gaggawa. Na ji ƙashin ɗana yana karyewa kamar ana taka busasshen kara. 'Yan yatsu suka shige, wuyan hannu ya shige. Mutum biyu sun rungume shi ta ƙugu suna ja, injin na ja. Babban makunnin wuta yana can ƙarshen zauren, an jibge kwanuka a gabansa. Kafin wani ya haye su, kaifinsu na yanka masa ƙafafu, ya sauke makunnin, injin ya ci har gwiwar hannu. Ta ɗaya bakin kwanon ya fito da tudunsa da kwarinsa, jini na gudu a cikin kwarin kamar ruwan sama a rufi.

Guduma ya fito daga ofis a guje. Bai fara duban ƙaninsa ba, kwamfutar ya duba, ya ce, "Ai ta mutu. Na kashe ta. Ta mutu fa!"

Ƙato ya juyo ya ba shi naushi a baki. Sai sauran suka rufe shi. Takalman aiki masu ƙarfe a goshi suka yi ta sauka a haƙarƙarinsa, wani ya kawo sifana ya fasa masa gira. Mutumin da ya daki unguwa guda tun yana ɗan yaro, ranar ko hannu bai ɗaga ya kare kansa ba. Na duba dama, ɗa ɗaya a bakin inji, na duba hagu, ɗaya a ƙarƙashin takalma. Na kutsa na tsaya a kansa, na cire murfin buta, tururi ya tashi.

Na ce, "Wanda ya ƙara taɓa shi, in dafa masa fuska uwarsa ta kasa gane shi! Marasa kunya, ga mai rai can yana zubar da jini kun tsaya wasan ƙwallo. Ku kwance ƙarfen nan ku ciro mini ɗana!"

Suka watse suka koma kan injin.

A asibiti aka ƙarasa abin da inji ya fara, aka yanke sama da gwiwa kaɗan. 'Yar Tabarau ta zo dubiya, ta same ni a benci, na ce ta gaya mini gaskiya da bakin da zan gane. Ta ce akwatin moton nan umarnin ƙarshe yake riƙewa. An ce masa juya, zai yi ta juyawa har sai an ce masa tsaya. Mai cewa tsayan ita ce manhaja, ita kuwa an fille mata kai kafin ta buɗe baki. Duk dukan da Ƙato ya yi wa maɓallin, gawa yake ta sara.

Muna cikin maganar sai ga Guduma yana ɗingishi, ido ɗaya a rufe. Tela, matar Auta, ta fito daga ɗakin majinyata, goyo a bayanta. Ashe da almakashinta a jaka. Ta zaro shi ta yi kansa, ta soka masa a kafaɗa har ya tsaya da kansa. Ya dubi almakashin, ya dube ta, ya ce, "Matar ƙanina, kin yi sama da yawa. Nan ƙasa za ki sa." Ma'aikatan jinya suka janye ta tana ihu tana tsine masa, jaririya na tsala kuka. Aka ɗinke shi a ɗakin da ke kallon na ƙaninsa.

Auta ya dawo gida, amma ba Autan da na sani ba. Gida ɗaya muke, ɗakinsa na kallon na yayansa, tsakar gida a tsakani. Da farko shiru ya yi. Daga baya ya fara jifa. Tela ta kawo abinci ta yanka masa nama ƙanana don ya iya ci, ya wurga farantin ya fasa mata leɓe. Mutumin da ko kaza ba ya iya kora! Ya zauna a bakin ƙofa yana kallon ƙofar Guduma tun safe har rana ta juya. Ina shara na ga wani guntun rodi na ubansu a ƙarƙashin katifar Auta, an naɗe masa tsumma a gindi don ya riƙu da kyau a hannun hagu. Na ɗauke na jefa a kwata. Washegari akwai wani. Gidan mai walda ba a rasa ƙarfe.

Na jawo kujerata na dasa a tsakiyar tsakar gida, na daina zuwa sayar da shayi.

Na ce, "Auta, ka fasa masa kai, a zo a tafi da kai. Ni in zauna da wa? 'Yarka ta kira wa Baba?"

Ya ce, "Inna, kullum tafin hannun nan yana yi mini ƙaiƙayi. In kai hannu in sosa, in tarar da iska. Shi kuma ina jin sa ta bango, ƙwas ƙwas ƙwas, da yatsu goma."

"Yayanka ne. Shi ya goya ka."

"Shi ya ce mini in wani abu ya faru in doki jan nan, ba abin da zai same ni. Ya dafa kafaɗata ya faɗa."

Na gyara zama a kujerata, na ci gaba da gadin ƙofofin biyu.

Shi kuwa Guduma, ƙwas ƙwas ɗin da ake ji, gyara yake yi. Ya je gidan su 'Yar Tabarau ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tsaya yana jira, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ta bar shi a rana har ya yi laushi, sannan ta fito. Suka sake ɗinka abin tun daga tushe. Jan maɓalli ya koma saƙon lallami, manhaja ta tsayar da moto ta kama birki. Suka kuma sa dole ta riƙa ce wa akwatin moto ina nan, ina nan, ba fashi. In ta cije ko ta mutu ya ji shiru, ya tsaya da kansa. Suka ƙara wata waya daga maɓallin kai tsaye zuwa wutar moton, wadda ba ruwanta da kwamfuta. Suka gwada a jikin injin da katako, da tsohon takalmi, yana tsayawa.

Amma leburori suka ce ko kusa. Ƙato ya tofar da yawu ya ce, "Katako ba shi da uwa. Wanda ya rubuta ya sa nasa hannun mu gani."

Wasa ne na baƙar magana. Sai dai ba a yi wa Guduma irin wannan wasa.

Da safe na shiga wanka, na fito na tarar da ƙofofi biyu a buɗe, ba kowa. Na ɗaga katifar Auta, ba rodi. Tela ta ce yayan ne ya leƙo ya ce, "In kana nemana, ina wurin inji," ya wuce. Ban tsaya neman takalmi ba. Tsohuwa da ciwon gwiwa, amma ranar na tsere wa mai keke.

Na tarar da injin yana ruri, an rage masa gudu. Leburori sun yi da'ira. Guduma ya huda kwano ya zura waya ya ɗaure wuyan hannunsa na dama a jiki, ya murɗe ta da filaya yadda ko ya so ba zai zare ba. Kwanon na tafiya a hankali zuwa bakin ganguna, shi yana binsa taku-taku. Auta na tsaye daidai sabon jan maɓallin, rodi a hannunsa ɗaya tilo. Ƙato ya yunƙura zai je ya danna, Guduma ya daka masa tsawa: "Ka taɓa, in na kwance in kashe ka! Nasa ne!"

Ya juya ga ƙaninsa, ya ce, "Auta, ga shi nan gefenka. In ka danna zai tsaya. In ba ka danna ba, mun yi daidai."

Auta bai motsa ba. Idonsa na kan ganguna. Na san wannan kallon, na gan shi a fuskar ubansu. Kuma na san injin nan ba a hannu zai tsaya ba, tunda a ɗaure yake, har kafaɗa da kai zai ja.

Roƙo ba zai yi ba, na riga na gwada. Na ratsa mutane na je na ɗora hannuna a kan hannun Guduma, na damƙe wayar da ta ɗaure shi, na bi kwanon ni ma.

Guduma ya ce, "Inna, sake! Inna, don Allah!"

Na ce, "Rufe mini baki, shashasha. Auta, ka bar shi ya ci. Ya ci naka, ya ci nasa, ya haɗa da hannun da ya yi muku wanka. Sai ku huta."

Ina jin iskar gangunan a bayan 'yan yatsuna. Auta ya dubi rodin, ya dubi maɓallin. Hannu ɗaya ba ya riƙe abu biyu. Rodin ya faɗi ƙasa da ƙara, ya kai wa jan nan mari da tafinsa. Birki ya yi kururuwa, injin ya girgiza, ya tsaya cik. Tsakanin farcena da ƙarfen, da ƙyar cokali zai shiga.

Wani ya fara salati. Sai na ga Auta ya sunkuya ya ɗauki rodinsa, ya nufo mu. Fuskarsa duk hawaye, amma tafiyar ba ta mai fasawa ba ce.

Ya ce, "Ba inji zan bar wa ba. Matsa, Inna."

Na auna shi da ido. Ba mai riƙe shi, in an riƙe shi yau gobe na nan, kuma gobe ba lalle ina kusa ba. Na janye hannuna daga kan na Guduma, na rungume kan Guduma a ƙirjina, na rufe shi da jikina.

Na ce, "Hannu, Auta. Ban da kai. Kuma sau ɗaya."

Guduma ya shimfiɗa 'yan yatsunsa a kan kwanon da kansa. Rodin ya sauka. Na ji ƙarar ta cikin haƙoransa, don ya cije mini riga har da fata. Auta ya ɗaga zai ƙara, na dube shi, ya dube ni. Ya saki ƙarfen. Ya nemi filaya, ya durƙusa, ya yi ta fama da hannun hagu yana kwance wayar, tana zamewa yana sake kamawa, yana cewa, "Tsaya mana, Yaya, kada ka motsa, za ta yanke ka."

Hannun Guduma ya warke a karkace. Yatsu biyu ne ke lanƙwasuwa, sauran sun sandare kamar cokali mai yatsu. Har yau yana kamfanin, har yau kai tsaye yake kiran cibiya, sai dai ƙwas ƙwas ɗin ya zama ɗaya bayan ɗaya, kamar kaza na tsintar hatsi. Zafin rai bai bar shi ba, kada wani ya ce na ce ya zama malami. Kwanan baya ma ya jefi mai gyaran wuta da takalmi. Amma an ce duk sabon ma'aikacin da ya rubuta kisan fille kai a abin da ke tuƙa ƙarfe, Guduma ba ya zaginsa. Kai shi yake yi bakin ƙofa, ya saya masa shayi, ya ce ya dubi mai zubawa da kyau.

Mai zubawar Auta ne. Shi ke riƙe da teburin yanzu, ni ina zaune ina ba da umarni. Tela har yau ba ta gaida Guduma, in ya shigo ta kan ɗaga almakashi ta duba kaifinsa, shi kuma ya ce mata, "Ranki ya daɗe, na tuba."

Jiya murfin kwalbar suga ya cije. Auta ya matse ta a hammata ya murɗa, ta ƙi. Guduma na zaune yana jiran shayinsa, ya miƙa hagunsa ya riƙe gindin kwalbar.

Auta ya ce, "Riƙe da kyau, mai fille kai."

Guduma ya ce, "Kai dai murɗa, dungu. Ko sai na kira maka Inna?"

Murfin ya buɗe da ƙarfi, suga ya watse a tebur. Na ce su tattara mini shi tas, ƙattin banza, mutum biyu a kan kwalba ɗaya.